Ranar da Firintar Sikeli Ta Yi Amai

Baba Rula ba ya tambayar inji ko ya yi abin da aka sa shi. Umarni yake bayarwa ya juya baya. Haka yake da inji, haka yake da mutane, kuma shekara ashirin da shida babu wanda ya isa ya ce masa ba haka ake yi ba.

Da gyaran tafireta ya shigo kamfanin. Da zamanin tafireta ya wuce, sai ya ja kujera gaban kwamfuta ya zauna, bai ɗaga ba sai da ya iya yarenta. Ba malami, ba takardar shaida. Kamfanin akwatin sikeli yake haɗawa, irin sikelin nan da babbar mota ke hawa da kayanta. Mota ta hau, akwati ya auna, akawu ya rubuta sunan direba, firinta ta tofo tikiti. Fayil ɗin da ke magana da firinta na Baba ne. Shi ya rubuta shi tun daga layin farko, kuma ba a taɓa masa. Ko leƙawa za ka yi, sai ka nemi izini.

Sunan Rula kuwa daga yadda yake karatu ya samo shi. Bai yarda da abin da ke kan allo ba. Sai ya buga aikinsa a takarda, ya shimfiɗa, ya ɗora rular ƙarfe ƙarƙashin layi yana saukowa da ita a hankali, fensir a bayan kunne. Masu digirin ofis suna yi masa dariya, amma sai sun shiga bayi suke yin ta.

Cikin masu digirin nan akwai wanda ya fi sauran ƙarfin hali, ya auri autar Baba. Bayan shekara huɗu aka ba shi shugabancin sashe. To, a ofis shi ne gaba da Baba. A gidan Baba kuwa sai an ce masa ya zauna sau biyu kafin ya ɗosana a bakin kujera. Baba “Injiniya” yake ce masa, da irin muryar da ake yi wa wanda ya taka maka ƙafa bai ba da haƙuri ba.

Ranar Litinin da safe Manaja ya kira su su biyu. A kan teburinsa tulin takarda ce siririya, doguwa, ta nannaɗe kamar hanjin sa, ta zubo har ƙasa.

“Wannan da kuke gani tikiti ɗaya ne,” in ji Manaja. “Ɗaya tak. Daga kamfanin fasa dutse suka aiko min da shi a buhu.”

Baba ya dubi takardar ta wutsiyar ido. “Firintarsu ce ta lalace.”

“Sun canza firinta sau biyu. Sati uku ke nan, tun da muka sa musu sabon allo. A rana sai ta yi haka sau goma. Ta fara ba ta tsayawa sai naɗin ya ƙare.”

“To ka faɗa da bakinka,” in ji Baba. “Sabon allo. Wa ya yi sabon allo?”

Injiniya, wanda shi ya yi sabon allon, ya sunkuya yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

Manaja ya ture takardar gefe. “Ni ba shari’a na kira ku ba. Mai dutse ya ce idan aka tashi aiki yau ba a gyara ba, gobe zai ɓalle akwatunanmu ya zuba a bola. Ku je yanzu. Sannan ku ji da kyau. Idan a allo matsalar take, Injiniya zai sha faɗa ya gyara. Idan kuwa a tsohon fayil take, na gaji. Zan ajiye shi in sayo na kanti. Kai kuma Baba mu ɗaga ka zuwa mai ba da shawara.”

Kowa a kamfanin ya san mai ba da shawara. Tebur ne a bakin taga, babu kwamfuta a kai. Wanda aka ɗaga na ƙarshe shekara biyu ya yi yana ba fulawar ofis ruwa, har ta ruɓe.

Baba ya juya ya fita. Ya koma teburinsa ya buga fayil ɗinsa kaf, shafi sittin da biyu, ya soka rula a aljihu, ya nufi mota.

Injiniya ne ke tuƙi. Sun wuce shataletale biyu kafin ya yi gyaran murya.

“Baba, da ma ina so in ɗan yi bayani a kan haruffan nan.”

“Yi. Hanya da nisa.”

Ya fara a hankali, kamar mai tafiya a kan sabon siminti. Ya ce tsohon allo haruffa ’yan kaɗan ya sani, direbobi kuwa daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, wani sunansa da harafi mai ƙugiya, wani mai ɗigo a ƙasa, wani mai hula a ka. Shi ya sa a sabon allo aka ba kowane harafi faffaɗan gurbi, duk girma ɗaya, don kowa ya samu shiga. Ita kuwa firinta ba ta san faffaɗan harafi ba. Bayit take ci, wato ƙwayar awon inji, ɗaya bayan ɗaya. Don haka sai an bi ta wurin mai-juyi, wani ɗan aiki da ya zo a shirye cikin yaren inji, ya warware faffaɗan harafi ya mai da shi bayit. Harafi na yau da kullum bayit ɗaya yake zama. Mai ƙugiya biyu. Wani ma uku ko huɗu.

“Ka gama?” in ji Baba.

“Saura kaɗan.”

“Ni za ka koya wa mai-juyi? Ranar da kuka kawo allonku, ni na sa shi a fayil ɗina da hannuna. Minti biyar. Kuma na gwada.”

“Da wane suna aka gwada, Baba?”

“Da wanda na saba.”

Sunan da ya saba kowa ya san shi. Harafin A ne yake dannawa sau huɗu. Da shi yake gwaji tun Injiniya yana makarantar firamare.

“Shi mai-juyin,” in ji Injiniya, idonsa a kan hanya, “idan ya gama yakan ba da amsa.”

“Kowa ma yana ba da amsa. Ba kowace ake tsayawa ji ba. Kula da ramin can.”

Injiniya ya kula da ramin.

Tun daga nesa suka hango layin motoci, sun kai ashirin, kowace ta cika maƙil da tsakuwa. Sikelin yana bakin ƙofar fita, dogon faranti na ƙarfe a ƙasa, a gefensa ɗaki mai taga ɗaya. Abin da ya fara ɗaukar idon Baba shi ne takarda. Ko’ina takarda. Mai shayi da ita yake naɗe burodi. Wani direba da ita yake goge sandar duba mai. A ƙofar bayan gida an rataye naɗi guda a ƙusa.

Akawun sikelin mace ce, babba, mai murya kamar hon. Ta dube su daga sama har ƙasa.

“Ku ne masu akwatin? Sannunku da zuwa. Na ɗauka sai na yi ritaya za ku zo.”

“Nuna min,” in ji Baba.

“Ba sai na nuna ba, Baba. Tsaya nan kawai.”

Wata tirela ta hau sikeli, farantin ya yi ƙara kamar zai tsage. Direban ya diro, dogo, da tawul a wuya. Ya cike ’yar takardar shiga ya miƙo ta taga yana murmushi. Akawu ta kwafe sunan a allo, ta danna, ta ja kujerarta baya.

Firinta ta yi tari sau ɗaya. Sai ta fara. Takarda ta yi ta fitowa, ta sauka tebur, ta sauka ƙasa, ta taru a ƙafar Baba. A waje direbobi suka ɗauki tafi da fito. Wani ya yi ihu, “Ta haihu! A kawo zani!”

Akawu ta miƙa hannu ta zare waya daga bango. “Minti goma kafin akwatin ya farfaɗo,” in ji ta. Layi ya ɗauki hon. Ta leƙa ta taga ta ɗaga wa dogon direban hannu. “Wuce, wuce, kada su kurmantar da ni.” Tirela ta fice, ba tikiti, ba awo.

“Da ya wuce awo fa?” in ji Baba.

“Da ya sauke rabi ya sake bin layi. Ai shi ya sa.” Ta jawo tarin takardun shiga na ranar ta baje masa. “Karanta.”

Baba ya karanta. Ya sake karantawa. Goma sha ɗaya daga ciki suna ɗaya ne, da harafi mai ƙugiya a tsakiyarsa.

“’Yan gida ɗaya ne?”

Akawu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce mai sunan na gaskiya wani bawan Allah ne daga nesa, sau ɗaya ya taɓa zuwa, sati uku da suka wuce. A kansa firinta ta fara. Direbobi kuwa ba abin da ke wuce idonsu. Kafin kwana biyu duk wanda ya yi lodin da ya fi ƙarfin doka ya zama mai wannan suna.

“Har wani tsoho mai furfura kamar taka, Baba. Na ce masa, kai ba jiya wani suna ka ba ni ba? Ya ce ai jiya mantuwa ya yi.”

“Kin san ƙarya suke, kike rubutawa?”

“An ce in kwafe abin da direba ya rubuta. Ni akawu ce, ba uwarsu ba, ban san sunan da aka raɗa musu ba. Kuma tsakani da Allah, minti goman nan shi ne hutuna.”

Baba ya juya ga surukinsa. “Ka gani? Ka buɗe ƙofa, kowane irin harafi yana shigowa da takalminsa. Shekara ashirin da shida ba a taɓa yin haka ba.”

“Haka ne, Baba,” in ji Injiniya.

Ya buɗe kwamfutarsa ya jona da akwati. Baba ya kwashi shafukansa ya fita, don ɗakin ba ya ɗaukar mutum uku da fushi. Ya zagaya bayan ɗakin inda inuwa take, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya zaro rula. Bai kai ga shafi na biyu ba ya ji muryar Injiniya ta ’yar tagar baya, ƙasa-ƙasa, yana waya da matarsa.

“A’a, ban faɗa masa ba… Ta yaya zan faɗa masa? Ke kin taɓa faɗa masa?… Ki saurara. Zan hana allon karɓar haruffan, shi ke nan, firinta ta daina. In ce wa Manaja nawa ne… Faɗa ne kawai, ba zai cinye ni ba. Ke kina so ya dawo gida ya zauna miki daga safe har yamma yana ba da shawara?”

Baba ya ajiye rula a cinya. Da farko daɗi ya ji, ba zai ɓoye wa kansa ba. Kujerarsa ta tsira, kuma ba shi ya roƙa ba. Abin da ake so daga gare shi kawai ya ci gaba da zama a kan tayar nan minti ashirin, yana yi kamar yana karatu.

Iska ta turo masa wani yanki na takardar aman, ya maƙale a ƙafarsa. Ya ɗauka don ya yar. Hannu ya saba, sai ya ɗora rula a kai.

Shirme ne zalla. Alamar tambaya, tauraro, lambobi, fili, lambobi. Ya sauko da rula. Can ƙasa sai ga magana sosai: TAKARDA TA ƘARE. Ƙasa da ita: A DUBA WAYA. Ya san su. Saƙonnin da ya ajiye cikin fayil ɗinsa ne, don ranar da wani abu zai lalace. Ya ƙara saukowa. Sai ga wanda ya rubuta tun yana da baƙin gashi, ya sa shi a wani lungu da ya tabbata inji ba zai taɓa kaiwa ba: WANNAN BA ZAI TAƁA FARUWA BA.

Ya duba gefe. Burodin da ke hannun wani direba, a jikin takardarsa, maganar ce. Wadda ke rataye a ƙofar bayan gida ma ba sai ya je ya duba ba.

Allo ba ya riƙe waɗannan kalmomi. Cikin fayil ɗin Baba ne firinta ke zazzagewa a bainar jama’a.

Ya buɗe shafukansa, ya tsallake zuwa na arba’in da ɗaya inda ya sa mai-juyi. Layi uku ne. Na farko ya tanadi gurbi arba’in, don suna ba ya wuce harafi arba’in. Na biyu ya miƙa wa mai-juyi sunan, ya karɓi lambar da ya dawo da ita. Na uku ya ce wa firinta, buga bayit adadin wannan lamba. Rula ta tsaya a tsakanin na biyu da na uku. Babu komai a wurin. Ya daɗe yana kallon babu komai ɗin.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Injiniya ya yi sauri zai kashe waya, Baba ya miƙa hannu, dole ya ba shi ita.

“Auta.”

“Na’am, Baba! Ina wuni? Ya aiki?”

“Ke da mijinki kun yi taro a kaina.”

“Wane irin taro kuma, Baba? Cewa na yi ya sayo…”

“Zan zo gidan.” Ya kashe, ya ajiye wayar a tebur. Ya dubi Injiniya. “Ɗauke hannunka daga allon nan. Mai-juyi, idan ya haɗu da harafin da bai sani ba, me yake cewa?”

Injiniya ya dubi Akawu, kamar ita za ta cece shi. Ita kuwa ta gyara zama, ta ɗauko kofin shayinta.

“Tsayawa yake, Baba. Ya dawo da ɗaya ƙasa da sifili. Wato ya kasa.”

“Me ya sa bai san harafin ba?”

“Sai an faɗa wa inji tun a farkon tashi da wane tsarin haruffa za a yi aiki. Idan ba a faɗa ba, na yau da kullum kaɗai yake sani.”

“Farkon tashi a fayil ɗin wa yake?”

Injiniya ya koma duban takalminsa.

“Na ce a fayil ɗin wa?”

“Naka, Baba.”

“Gurbin da nake zuba amsarsa ba ya ɗaukar ƙasa da sifili.”

“Ba ya ɗauka. Sai ta kifa ta koma lamba mafi girma.”

“Nawa?”

“Biliyan huɗu da ɗoriya.”

Akawu ta ƙware da shayi. “Biliyan huɗu! Ashe ma tausayina take ji da take tsayawa idan takarda ta ƙare.”

Baba bai dube ta ba. “Wato shi yana cewa na kasa, ni kuma ina cewa firinta, kin ji, buga biliyan huɗu.”

“Kusan haka ne.”

“Ba kusan ba. Haka ne. Tun yaushe ka sani?”

“Tun… satin farko na yi zargi.”

“Sati uku!” Rula ta sauka a tebur, kofin Akawu ya yi tsalle. “Sati uku wandona a yage ta baya, kana bina kana kare ni da faranti! Ba ka da baki?”

“Na yi ta kewayawa, Baba. Ko ɗazu a mota…”

“Kewayawa! Ni shataletale ne? Kuma yanzu za ka toshe allo, mutumin kirki ya zo daga nesa a ce sunansa ba ya shiga, don kada ran tsoho ya ɓaci. Sannan ka je ka ɗauki kuskurena ka kai wa Manaja a matsayin naka. Wa ya ba ka? A fayil ɗina ko kuskure ne nawa ne. Tashi.”

Injiniya ya tashi. Baba ya zauna, ya ja kwamfutar gabansa, ya dube ta da ƙyama don madannanta ƙanana ne. Da yatsa biyu yake bugawa, kamar mai kashe kiyashi.

Ya fara da farkon tashi, ya faɗa wa inji tsarin haruffan da firinta ke ji. Ya sauko shafi na arba’in da ɗaya.

“Gurbi arba’in ɗin nan,” in ji Injiniya daga bayansa, da ’yar murya, “idan haruffan masu bayit biyu ne…”

“Na gani. Ba makaho ba ne ni.” Ya ɗan tsaya. “Nawa zan sa?”

“Ana iya tambayarsa. Idan ka miƙa masa suna ba ka ba shi wurin zubawa ba, sai ya faɗa maka bayit nawa zai ci. Ka tanada, ka ƙara ɗaya na rufewa.”

“In tambaye shi.”

“E, Baba.”

“Sannan in tsaya in ji.”

“E.”

Baba ya ja tsaki, ya rubuta. Tsakanin layi na biyu da na uku ya sa sabo: idan mai-juyi ya ce ya kasa, kada a taɓa firinta, a nuna wa akawu a allo. Da ya gama ya ɗora rula a jikin allon kwamfutar ya bi layukan ɗaya-ɗaya. Injiniya ya ga ƙarfe a kan gilashinsa, ya runtse ido.

Suka tura gyaran cikin akwati, suka tayar da shi. Akawu ta leƙa ta taga. “Na gaba!”

Wata tipa ta hau, tayoyinta sun baje don nauyi. Direban gajere ne mai tumbi. Ya cike takarda ya miƙo, har ya fara komawa mota don ya san sauran. Sunan nan ne. Akawu ta kwafe, ta danna, ta ja kujera baya don sabo.

Firinta ta yi tari, ta tofo takarda tsawon tafin hannu, ta yi shiru.

A waje ma aka yi shiru. Akawu ta yage tikitin ta ɗaga shi sama. Ga suna nan da ƙugiyarsa tsaf, ga awo a ƙasa.

“Kai mai tumbi, dawo! Tan shida ka ɗora a kan doka. Juya ka sauke.”

Direban ya karɓi tikitin ya jujjuya. “Yaya, ai wannan ba sunana ba ne.”

“Da hannun wa aka rubuta?”

“Kuskure ne.”

“Sati uku kana kuskuren? Juya, malam, kana tare min layi.”

Nan da nan taga ta cika da hannuwa. Kowa yana so a dawo masa da takardar shigarsa, ya tuna wani abu. Mai shayi ya leƙo ya tambaya ko ke nan takarda ta ƙare. Akawu ta ce ya je ya sayi jarida kamar kowa. Sannan ta juyo ga Baba. “Ka kashe min hutu, Baba. Allah ya saka.”

“Amin,” in ji Baba, ya tattara shafukansa.

Sun iso ofis saura rabin awa a tashi. Mai dutse ya riga ya bugo waya, don haka Manaja da fara’a ya tarbe su.

“Madalla. To, a ina matsalar take?”

“Ranka ya daɗe, sabon allon ne ya…” in ji Injiniya.

“Rufe baki,” in ji Baba. Ya ajiye shafi na arba’in da ɗaya a gaban Manaja, ya dafa wurin da yatsa. “Nan. Ni na rubuta. Inji ya ce ya kasa, ban tsaya na ji ba. Ni na gyara.”

Fara’ar Manaja ta ragu. Ya dubi takardar, ba don yana gane komai a ciki ba. “Baba, ka san abin da na faɗa da safe.”

“Da kunnena na ji. Ina teburin? A goge min shi, ban son ƙura.”

Manaja ya sosa ƙeya. Da safe da ya yi maganar, bai zaci za a kawo masa ita a faranti haka ba. Ya juya ga Injiniya. “Na kantin nan, wata nawa kafin ya hau akwatunanmu?”

Injiniya ya buɗe baki, ya dubi surukinsa.

“Kada ka kewaya,” in ji Baba.

“Shekara, ranka ya daɗe. In an yi sa’a. Firinta iri tara muke da su a waje, kowace da halinta, kuma duk halayen a fayil ɗin nan suke. Babu wanda ya san su sai mutum ɗaya, don ba a taɓa barin kowa ya karanta ba.”

“Wannan ma laifin wa?” in ji Manaja.

“Nawa,” in ji Baba. “Yau ranar ce. Kawo sauran.”

Manaja ya yi ta buga biro a tebur. Can ya ce, “To ga yadda za a yi. Fayil yana hannunka. Amma daga yau ko ɗigo ka canza, ba zai fita kamfanin nan ba sai shugaban sashe ya karanta ya sa hannu. Kuma ya karanta shi duka, daga farko. In ba ka yarda ba, taga tana nan.”

Baba ya dubi taga. Ya dubi mijin autarsa, wanda ya sake komawa nazarin takalminsa. Manaja ya fara duba agogo.

“A takarda zai karanta,” in ji Baba. “A teburina.”

“Na yarda.”

“In ya ga abu, ya faɗa da baki, ranar da ya gani. Ba ya kira matarsa ba.”

“Wannan tsakaninku ne.”

Baba ya kwashi shafuka sittin da biyu ya dungura wa Injiniya a ƙirji. “Gobe ƙarfe takwas.”

“To, Baba. Sai in jawo kujerata kusa da…”

“Wace kujera? A tsaye.”